Sunan 'Yar Tani

Ni dai ban taɓa kiran sunan 'yata ta fari ba sai da ta shekara goma a ƙasa. Kada kowa ya riƙe baki. Mu Fulani haka muka tarar: mace ba ta kiran sunan mijinta, ba ta kiran na ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ba ita ke ɗaga shi ba. Hausawan da muke zaune cikinsu ma suna da wannan kunya, sai dai su sukan ɗan sassauta. A gidanmu ba a sassautawa.

Sunana Gogo. Tun ina amarya, duk kaka in an kwashe amfanin gona, mukan sauka da shanu a gonar gidan Nomau, a wani ɗan ƙauye kusa da Gidan Sori. Shanu su ci kara su zuba taki, masu gona su ba mu damman hatsi da ruwan rijiya. Surukina da Nomau suka fara wannan zama, maigidana da Ishaku ɗan Nomau suka gaje shi. Matar Ishaku ita ce Tani. Gajera ce, ga baki, ga dariya. Mun ƙulla ƙawance da ita irin na da, a gaban mata: ta aiko mini da zane da goro, na aika mata da man shanu ƙwarya guda. Daga ranar ba mu ƙara kiran juna da suna ba, sai Ƙawa.

A gonar nan na haihu. Tani ce ta yi mini wankan jego, ita ta riƙe jaririyar ranar suna, a ɗakinta aka yaye ta. In zan yi maganar yarinyar sai in ce 'yar Tani. "'Yar Tani ta ci abinci?" "Ku kira 'yar Tani ta kori maruƙa." Kowa ya san wadda nake nufi. In kuma kunnena ya yi marmarin sunan, sai in ɗauki ƙwaryata in tafi gidan Tani in zauna kusa da turmi kamar hira ta kawo ni, har Tani ta ɗaga murya ta kira yarinyar. Tani ta gane abin da ke kawo ni. Wani lokaci takan kira yarinyar sau uku ba tare da tana da aiken da za ta yi mata ba, tana kallona ta wutsiyar ido tana dariya.

Sai shekarar fari da yunwa, wadda 'yan lakol, wato 'yan makarantar boko, ke kira saba'in da huɗu. Wanda bai gani ba, ba zan iya nuna masa da baki ba. Shanu sun ci jinkar bukka, sun ci igiyar da aka ɗaure su da ita. Saniya ta durƙusa da safe sai mutum huɗu sun sa sanduna sun ɗaga ta, da yamma ta sake durƙusawa. Garken da ƙurarsa ke rufe hanya ya koma goma sha ɗaya. Maigidana ya ce mu yi kudu, mu ƙetare wajen Jibiya, an ce can akwai ɗan abin da dabba za ta lasa.

'Yar Tani tana da shekara tara, ƙafafunta sun kumbura, ba ta iya tafiya daga bukka zuwa rijiya. Jakinmu ya mutu. Ni ga goyo a baya. Tani ce da bakinta ta ce, "Ƙawa, bar min ita. In kin ja ta hanya kashe ta za ki yi. Abin da ɗiyana sunka ci, shi za ta ci."

Muka bar mata yarinyar da akuya ɗaya mai ɗan nono, ita kaɗai ta rage mana. Ban yi wa yarinyar sallama ba, ba a yi. Amma sau uku igiyar kayana tana kwancewa kafin mu fita daga gonar, sau uku ina tsayawa in ɗaure ina fuskantar gidan. Ni na san wadda ke kwance igiyar.

Bayan wata biyu da kwanaki ruwa ya sauka, muka dawo da shanu uku. Tani ta tare ni a hanya tun ban kai gonar ba. Ta ce, "Ƙawa, sai haƙuri."

Na ce, "Allah ya ji ƙan musulmi." Sannan na ce, "Akuyar fa?"

Tani ta san abin da nake tambaya. Ta kama hannuna ta ce, "Ba ta wahala ba. Bisa cinyata tac cika, ran Alhamis da hantsi. Ni nay yi mata wanka." Ko kalma ɗaya ba ta yi a kan akuya ba. Na gode mata, na wuce, na sauke kaya, na kafa bukka. Da na gama sai na shiga daji bayan wata sabara na yi abin da uwa ke yi, inda ba mai ganina sai shanu.

Muka ci gaba da zama. Ban taɓa zargin Tani ba, har yau kuma ba na zarginta da mutuwar yarinyar. A shekarar nan ita ma ta binne nata guda ɗaya.

Bayan shekara goma cif, sama ta sake rufe hannunta. Hatsi ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye, kaka ta zo ba wanda ya ɗaura damin kirki. Maigidana ya riga ya rasu, ya bar ni da yara uku da tsohuwar uwarsa wadda hankalinta ya fara tafiya. Mun sauka a gonar kamar kullum, amma babu karan da shanu za su ci.

A lokacin Ishaku ya zama shugaban kwamitin gari. Shi ya kawo shawara, kuma in faɗi gaskiya shawarar mai kyau ce. Ya ce mutanen birni sun manta da yunwar da ta wuce, shi ya sa ba su tsorata da wadda ke tafe ba. A yi taro a filin kasuwa, a gayyato alhazan Maradi masu hali da mutumin gidan rediyo, a sauke Alƙur'ani, kowane gida ya tashi ya faɗi sunayen mutanensa da waccan yunwa ta ci, liman ya yi musu addu'a ɗaya bayan ɗaya. In masu hali suka ji yawan waɗanda aka binne, wataƙila su buɗe rumbu tun ba a fara haƙa sababbin kaburbura ba.

Ina tsugune a kasuwa da ɗan itacen da na kai sayarwa na ji mai shela yana faɗa. Kowane mamaci da sunansa, in ji shi, ba za a bar kowa ba. Na dawo gida da itacena ban sayar ba. Shekara goma ba wanda ya ambaci yarinyar nan. Ubanta ya tafi, kakarta ba ta gane 'ya'yan cikinta ma, ƙannenta ba su san ta ba. In aka kira yaran garin duka aka tsallake ta, to kamar ba a taɓa haihuwarta ba ke nan. Ni kuma ba zan iya tashi in faɗa ba.

Ina da ɗan tsohon man shanu a gindin ƙoƙo, wanda nake ɓoyo don ranar ciwo. Na ɗauka na tafi wurin Tani. Na same ta tana dakan dusa.

Ta ce, "Ƙawa, mi ya hiddo ki da wagga rana? Ke da mai, cikin wanga hali?"

Na ce, "Na ji za a kira mutane ran taro."

"Za a kira."

"Na ce ko wadda ta yi ciwo a ɗakinki tana ciki."

Ta ajiye taɓarya. Ta ce, "Haba Ƙawa. Har sai kin kawo min mai? Ɗiyata ta. Ni ka tashi in hwaɗi sunanta da na ubanta Jaye, kowa shi ji. Ke dai zamna kusa, ki buɗe kunne."

Duk da haka ta karɓi man. Ban ga laifinta ba, a shekarar ba a mayar da abin ci.

Ranar taro na yi wanka da ruwan da ya kamata mu sha, na ɗaura zanen da ya fi sauran dama. An jera wa alhazai kujerun lakol a inuwar gawo. Su biyar ne, manyan riguna sai ƙamshi, motocinsu a gefe. Mutumin rediyo ya rataya akwatin ɗaukar magana a kafaɗa, yana riƙe da abin da ake magana a ciki, an kuma ɗaura amsa-kuwwa a reshe. Mu mata muna zaune a ƙasa ta hagu. Na zauna kusa da Tani kamar yadda ta ce.

Malamai suka gama karatu, aka fara kira. Mutum ya tashi ya faɗi nasa, liman ya maimaita, jama'a su ce amin. Da farko har alhazan suna girgiza kai. Amma sunaye suna da yawa, rana kuma tana hawa. Wane ɗan wane, wance 'yar wane. Kafin a kai rabi ɗayansu ya fara duban agogo, wani ya jingina ya lumshe ido, wani ya kira direbansa ya yi masa raɗa. Mutumin rediyo ma ya sauke hannunsa. Ba na cewa mugaye ne. Sunan wanda ba ka sani ba, in ya yi yawa, barci yake sawa.

Ishaku ya ga abin da na gani. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Sai ya zagayo ta bayan mata, ya sunkuya ya yi wa matarsa magana a kunne, doguwar magana. Tani ta girgiza kai. Ya sake yi. Ta dubi ƙasa, sannan ta miƙe.

Na ja mayafi na rufe fuskata. Na ce yau zan ji.

Tani ta tsaya gaban abin magana. Ta ce, "Ni ba suna za ni hwaɗi ba. Labari za ni ba ku, na wata 'yar Hillani."

Alhajin da ke barci ya buɗe ido.

"Shekarar yunwa anka kawo min ita, ƙahwahunta awa turmi. Uwatta ta aje ta ƙohwar ɗakina ta bi shanu. Ko sai wata rana ba ta ce mata ba. Yarinyar kullum tana bakin danga tana kallon hanyar kudu, tana ce min, Inna Tani, yau za su komo? Ni ko in ce gobe. Na raba hurar ɗiyana da ita har nawa guda ya mutu. Ranar da za ta cika, uwatta taka kira. Ni nar ruhe mata ido."

Ban taɓa sanin ta tsaya bakin danga ba. Ban taɓa sanin ni ta kira ba. Shekara goma Tani tana riƙe da wannan, ba ta ba ni ba, sai yau ta zube shi gaban baƙi.

Ta ci gaba tana hawaye, hawayen kuma na gaske ne, na san kukan Tani. "Da uwar ta komo, nic ce mata sai haƙuri. Kun san abin da tat tambaye ni? Akuya! Wallahi akuya tat tambaya. Ko ɗigon hawaye. Kar ku ce kunyar ɗan hwari ta, kunya na san ta, mu ma muna yi. Wagga yunwa ta. Ita ka mai da uwa hakanan. Ita ta kuma ke bakin ƙohwarmu yau. In kun tahi kun bar mu, bana ma uwaye za su yar da ɗiyansu."

Mata suka ɓarke da kuka. Wata da ke bayana, baƙuwa daga wani ƙauye, ta tofar da yawu ta ce Allah wadaran uwa irin wannan. Tsofaffin gidan Nomau, waɗanda suka san komai, suka san wace ce uwar, suka san ma'anar akuyar, kowace ta sa ido a ƙasa.

Babban alhajin ya share fuska da hannun riga ya miƙe. Ya ce shi ya ɗauki nauyin kamiyo guda, babbar mota cike da hatsi. Na kusa da shi bai yarda a fi shi ba, ya ce shi ma guda. Sauran ukun suka haɗu a kan na uku. Aka yi kabbara. Ishaku yana ta juyi kamar shi ya yi ruwan sama.

Tani ta dawo ta zauna a wurinta, kafaɗarta tana taɓa tawa. Ta yi ƙasa da murya.

"Ƙawa, kin ga dai. Kamiyo ukku."

Na kau da kai. Ta ci gaba.

"Ban hwaɗi sunanki ba. Nata ma ban hwaɗi ba, don in suturce ki. Baƙi ba su san ko wa ta ba."

Na ce, "Nata na aike ki."

"Suna ba shi buɗe buhu, Ƙawa. Kin gani da idonki, tashi za su yi. Ɗiyanki ma za su ci."

Abin da ya fi ci mini rai ke nan: gaskiya ta faɗa. Da ƙarya ta yi mini da na san inda zan kama ta. Ita kuwa ta ɗauki abin da ya faru ne, ta cire masa abin da ni da ita kaɗai muka sani, ta miƙa wa mutane sauran. Duk duniya mutum ɗaya ce ta san ina son yarinyar nan. Ita ce ta tsaya ta rantse ba na so.

Liman ya gyara zama zai rufe. Tsoho ne, kunnensa ya yi nauyi. Ya ce, "Akwai wanda ya rage ba a kira ba?"

Na yi lissafina a zaune. In na tashi na ce Tani ta juya magana, alhazan nan za su ga an yi wasa da hawayensu, su shiga mota, hatsi ya bi su. In na yi shiru, liman zai shafa, a watse, yarinyar ta tafi a matsayin wata 'yar Fulani. Tani ta ji na motsa, ta damƙe mini zane. Na fizge.

Ban taɓa tsayawa gaban maza na yi magana ba, Hausata ma ta sayar da nono ce. Na ratsa mata na fita fili. Na ce, "Ni ce uwar yarinyar."

Hayaniya ta tashi. Mutumin rediyo ya matso da sauri ya kawo abin maganar bakina. Babban alhajin ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Baiwar Allah, abin da matar nan ta faɗa, haka aka yi?"

Na dubi Tani. Ta rufe baki da hannu biyu. Ishaku kuwa ya daskare. Na dubi yaran da ke zaune a gaba, cikkuna a kumbure, har da nawa a ciki.

Na ce, "Na bar ta na bi shanu. Da na komo, akuya na tambaya."

Wani ya yi salati. Matan da ke kusa suka ja da baya. Alhajin ya kau da kai, ya zauna. Na san kamiyo ba zai fasa zuwa ba.

Liman ya ce, "To, mi ne sunan marigayiya?"

Na buɗe baki. Shekara goma sha tara sunan yana cikina, ban san harshena zai yi masa nauyi haka ba. Ya fito, amma ni kaina da ƙyar na ji.

Liman ya sa hannu a kunne. "Wa?"

Sai na ɗaga murya, yadda ake kiran yaro ya yi nisa a daji. "Kadi!"

Amsa-kuwwa ya ɗauka ya watsa har ƙarshen kasuwa. Liman ya ce Allah ya ji ƙan Kadi, ya sa ta cikin 'ya'yan aljanna. Jama'a suka ce amin. Kuka ya zo mini a nan gaban kowa, ban hana shi ba. Na ji wata tana cewa sai yanzu, bayan shekara goma.

Hatsin ya iso bayan kwana goma sha ɗaya. An ba mu rabonmu, mun ci, ba zan ɓoye ba, da shi yarana suka ga damina. Tani ta aiko da tiya biyu daga nata kason, wannan kam na mayar. Da muka ɗan yi ƙarfi na kwance bukka na tashi daga gonar gidan Nomau, ba mu sake sauka can ba.

Sau ɗaya muka haɗu bayan haka, a kasuwar Gidan Rumji. Ta tsufa, ni ma haka. Ta tsaya gabana ta ce, "Ƙawa." Na ce, "Sannu, matar Ishaku, ina gida?" Ta daɗe a tsaye, sannan ta wuce.

An sa taron a rediyo, muryar Tani da tawa, labarin ya zaga ƙauyuka. Ba wanda ya gyara shi, ni ma ban gyara ba. Sunayen da aka jera ranar, ban da masu su, ba na jin akwai mai iya kawo biyar. Amma a wajen nan, in mace ta bar ɗanta yana kuka ta tafi hira, sai ka ji wata ta ce mata kada ta zama uwar Kadi. Ni ma haka suke kirana a kasuwa, wasu a bayan idona, marasa kunya kuma a gabana. Zagi ne, na sani. In sun kira, amsawa nake yi.